Ra'ayinmu: Nauyi a Ka, Nauyi a Ƙafa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin masana'antun Sharaɗa ko Bompai lokacin tashi daga aiki, ya ga yadda leburori ke fitowa suna jan ƙafa, lalle ya san akwai abin dubawa. Mu kuwa da muke shirin zama injiniyoyi da jami'an gwamnati, bai kamata mu kau da kai ba.

Ba mu musun amfanin takalmi mai bakin ƙarfe. An ƙera shi ne don ya kāre yatsu ko da ƙarfe mai nauyin kilo 20 ya faɗo musu daga tsawon mita ɗaya. Amma fa kāriyar da tsadarta. Tun a 1969 masu binciken rundunar sojan Amurka suka nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na nauyin da aka goya a baya. Ga shi kuma takalmin ya ƙage idon sawu, taku ya gajarce, ƙafa ba ta ɗaguwa sosai. To, in aka ɗora wa mutumin nan buhu, sai ya ranƙwafa, gwiwa da gadon baya su ɗauki wahala. Da gajiya ta kama shi, ɗan tuntuɓe kaɗan ya isa ya kā da shi da kayansa. Shi ya sa wasu ke tuɓe takalmin su koma silifa, an gudu ke nan ba a tsira ba.

A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55, alhali buhun siminti ɗaya kilo 50 ne. Dokar Masana'antu ta 1987 kuma ta wajabta ba ma'aikata kayan kāriya, sai dai rabon takalmi kawai bai wadatar ba.

Saboda haka muna kira ga masu masana'antu su sayi takalma marasa nauyi, tun da yanzu akwai masu baki mai ƙwari wanda ba na ƙarfe ba, su auna ƙafar kowa, su kuma tanadi baro da amalanke. Jami'an ƙwadago su riƙa tambayar lebura kansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gobe mu ne za mu sa hannu a takardun sayen kayan nan. Allah ya sa mu tuna.