Fari ba ya kashe mai kuɗi (zare)

1/ Jiya a hostel wani abokina ya ce min, "Yunwar Afirka ai laifinmu ne, ga haihuwa barkatai, ga ruwa babu." Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Ku matso mu warware ta 🧵

2/ A 2022 fari ya bugi Turai, masana suka ce an kai shekara 500 ba a ga irinsa ba. Kogin Rhine ya janye har jiragen kaya suka rage lodi. Mutum nawa kuka ji yunwa ta kashe a Jamus?

3/ A wannan shekarar dai, Somaliya na cikin farin da ya cinye damina biyar a jere. An ƙiyasta mutum 43,000 sun mutu, kusan rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

4/ Manomin Jamus yana da inshora, da tallafin gwamnati, da ruwan ban-ruwa. Makiyayin Somaliya kuwa akuyarsa ce bankinsa. Ta mutu, shikenan, ko kasuwa ta cika da shinkafa sai dai ya kalla.

5/ Kuma wa ya ɗumama duniyar? Duk Afirka hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

6/ Masu cewa abinci ne bai isa ba: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan mutum miliyan 733 sun yi fama da yunwa a 2023. Ita ɗin dai ta ce a 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1. Ku haɗa lissafin da kanku.

7/ Ba yau aka fara ba fa. A Bengal, 1943, mutum kusan miliyan 3 suka mutu. Amartya Sen ya nuna cewa shinkafa tana nan, farashi ne ya tsere wa talaka.

8/ A 2009 a Kopenhagen ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020. Sai 2022 suka cika, mafi yawansa kuma bashi. Ka ƙona min gona sannan ka ranta min kuɗin iri?

9/ Kada mu jibge wa Turawa komai. Dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar 2024, Maiduguri ta nutse. Gyaran dam aikin wa ne? Masu ɓoye hatsi a sito har farashi ya tashi, 'yan uwanmu ne.

10/ Tun 2023 aka saka haƙƙin samun abinci a kundin tsarin mulkin Najeriya. Da yawanmu ba mu ma sani ba. Duk ɗan siyasar da ya zo da taliya lokacin zaɓe, ku tambaye shi: ina rumbun ajiya, ina ban-ruwa, ina taki?

11/ Mun yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya kulle sito yana jiran tsada, da hannunsa ya murɗa makullin. Mai ja da ni, bismillah, ina nan.