Manifol ɗin Kamfani da na Walda: Waiwaye kan Motocin Haɗa-da-Kanka na Ingila

A 1957 Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya fito da wata 'yar mota mai kujera biyu, ba rufi ba ƙofa, ya sa mata suna Seven. Yawancin masu saye ba a haɗe suke karɓarta ba. Gunduwa-gunduwa ake kawo musu ita, mutum ya shiga garejin gidansa da sifana ya haɗa abarsa, saboda a lokacin harajin sayen kaya na Birtaniya bai hau kan motar da aka sayar a warwatse ba. A 1973 sabon harajin VAT ya rufe wannan ƙofa, Lotus ya sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin ƙera motar. Sai dai al'adar ta riga ta yi saiwa. Daga baya kamfanin Westfield ya shigo harkar, sannan a 1996 Ron Champion ya wallafa littafin da ya nuna yadda mutum zai walda firam da hannunsa, ya kwashe inji da giya daga tsohuwar Ford Escort, ya tashi da mota a kan fam 250. Duk wanda ya bi wannan hanya, akwai mararrabar da sai ya tsaya a kanta: ya riƙe manifol ɗin salansa da ya zo da injin, ko ya sayi na bututu da masu walda ke lanƙwasawa?

Manifol shi ne ƙarfen da ake ɗaurewa a gefen kan inji, ya tattara hayaƙin silinda huɗu ya miƙa shi ga salansa. Na kamfani galibi ƙarfen zubi ne. Idan ka ɗauke shi za ka ji nauyinsa ya ja kafaɗarka, jikinsa kaushi-kaushi, launinsa jan tsatsa, hanyoyin cikinsa gajeru suna karo da juna nan take. Na bututu kuwa siraran bututu huɗu ne masu tsawo kusan ɗaya, kowanne ya yi tafiyarsa kafin su haɗu. Ido na ganinsa zuciya ta so shi, kuma a ganina a nan ne mutane da yawa suka yanke hukunci tun kafin su yi lissafi.

Amfanin na bututu gaskiya ne. Injin silinda huɗu yakan tashi a jere 1, 3, 4, 2, kuma duk rabin juyin kiranshaf wata silinda tana fitar da hayaƙinta. Bawul ɗin hayaƙi yana daɗewa a buɗe fiye da wannan rabin juyin. Wato kafin silinda ta 1 ta gama rufe bakinta, ta 3 ta buɗe nata da ƙarfi. Idan hanyoyinsu sun haɗu kusa-kusa, hayaƙin ta 3 zai tura na ta 1 baya, ragowar ƙonannen hayaƙi ya zauna a silinda ya tare wurin sabon mai da iska. Maganin shi ne a haɗa 1 da 4, a haɗa 2 da 3, domin tsakanin kowane biyun akwai cikakken juyi guda, sannan can gaba a haɗa biyun su zama ɗaya. Wannan shi ne tsarin da ake kira 4-2-1, kuma yana taimakon inji a tsaka-tsakin gudu. Akwai kuma 4-1, inda huɗun ke haɗuwa lokaci guda, wanda ƙarfinsa ke fitowa idan inji ya kai ƙololuwar juyi, irin na filin tsere. Idan tsawo da faɗi suka dace, hayaƙin da ya wuce da gudu yakan bar jan iska a bayansa, ya zuƙo na silinda mai biye.

Kamfanin Ford da kansa ya san haka. Cortina GT ta 1963 ta fito da manifol na bututu tun daga masana'anta, ƙarfin injinta ya tashi daga doki 60 zuwa 78. Amma a duba abin da aka haɗa da shi: kafireto na Weber mai maƙogwaro biyu, sabon kamshaf, ƙarin matsin silinda. Manifol ɗaya ne daga cikin gyare-gyaren da aka auna su tare. Wannan ne abin da yakan faɗi a hanya idan labari ya iso garejin gida, sai mutum ya ɗauka bututun kaɗai ne ya kawo dokin 18.

Lokacin da nake zaune a Ingila akwai wani dattijo maƙwabcina da ya gina irin wannan mota da injin Ford Crossflow mai 1600cc, wanda bai taɓa komai a cikinsa ba. Ya sayo manifol 4-1 mai faɗin bututu, irin wanda aka yi wa injin tsere. Ranar da ya tayar da ita duk layin ya ji, bututun suka rine suka koma ruwan zinare da shuɗi. Ya ɗauke ni muka fita. A kan babban titi, idan ya matse totur har ƙasa, tana amsawa. Amma a shataletale, a giya ta uku, sai ya taka ta yi jim kamar tana tunani, dole ya sauko giya ta biyu. Ya dube ni ya ce da tsohon ƙarfen ba ta yi masa haka. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Dalilin ba boyayye ba ne. Hayaƙi kaɗan a bututu mai faɗi tafiyar hawainiya yake yi, kamar ruwan tiyo kafin ka matse bakinsa da yatsa. Idan gudun hayaƙin ya mutu, jan iskar nan ma ya mutu. Injin 1600 na kan titi bututu mai faɗin kusan milimita 38 ya ishe shi. Abin da ya wuce haka sai an faɗaɗa hanyoyin kan injin an canza kamshaf. Sannan duk lokacin da numfashin inji ya canza, ma'aunin mai da iska ya canza. Mai kafireto sai ya sake jet, mai kwamfuta sai an sake saita ta. Wanda bai yi ba, mai zai iya yin kaɗan, zafi ya ƙaru, bawul ya ci wuta. Dattijon nan sai da ya koma 4-2-1 mai matsakaicin faɗi, ya kai motar wurin masu na'urar auna ƙarfin inji aka daidaita kafireto, kafin ta dawo hayyacinta. Kuɗin saitin ya kamata a lissafa shi cikin kuɗin manifol tun farko, kuma ba na ganin uzurin mai sayarwa da ba ya faɗa wa mai saye haka.

Shi kuwa ƙarfen zubi, an daɗe ana raina shi ba bisa haƙƙi ba. Injiniyoyin da suka zana shi suna da nasu buƙatu: araha, ƙarko, shiru. Kaurinsa yana haɗiye ƙara, yana kuma riƙe zafi a ciki. Ba kowannensu ne a toshe ba. Na injin Ford Pinto mai lita 2 ƙofa biyu gare shi, ya riga ya raba silindar bibbiyu, shi ya sa ribar canza shi a injin da ba a taɓa ba ba ta taka kara ta karya ba. Aibinsa nauyi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a motar da duka-duka ba ta wuce rabin tan da kaɗan ba, sai kuma tsagewa idan ya tsufa.

Zafi shi ne abin da aka fi mantawa. Hayaƙin da ke fita daga silinda yana haura digiri 700 idan inji na aiki sosai, siririn bututu kuma watsa wannan zafin yake yi. A ƙarƙashin bonet ɗin Seven wuri ya yi kaɗan: ga sitata, ga wayoyi, ga bututun man birki, ga ƙafar mutum bayan falle ɗaya na alminiyam. Wasu sukan naɗe bututun da ƙyallen hana zafi, amma idan baƙin ƙarfe ne ƙyallen yakan riƙe danshi, tsatsa ta cinye shi ta ciki, shi ya sa mai hali yake sayen ƙarfe mara tsatsa. A duba kaurin farantin da ke manne da kan inji ma. Siriri yakan lanƙwashe, gasket ya fara hura, ka riƙa jin tsit-tsit da safe kafin inji ya ɗumama.

Wani lokaci ma zaɓin ba a hannun mai gini yake ba. Da tsofaffin Ford Escort da Sierra suka yi wuya, mutane suka koma injin Zetec na Ford Mondeo da Focus. Waɗannan a gicciye suke zaune a motarsu ta asali. Idan aka juya su suka bi tsawon firam ɗin Seven, manifol ɗin kamfani yakan yi karo da ƙarfen firam, ga shi salansar a gefen mota take fita. Dole a nemi na bututu. Nan kuma doka ke jira: tun 2009 duk motar da aka haɗa a gida sai ta ci gwajin IVA kafin a ba ta lamba, ana auna ƙararta, ana auna hayaƙinta. Injin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama sai da matatar hayaƙi, don haka sai an bar mata wuri a salansa, an kuma huda gurbin na'urar auna iskar oksijin a inda bututun suka haɗu, ba a kan reshe ɗaya ba. Wanda ya yi odar manifol kafin ya zaunar da injin a kan kujerunsa ya auna tazara da firam da sandar sitiyari, yakan ƙare da yanka da sake walda a kan ƙarfen da ya biya da tsada.