Irving Ba Ɓarawo Ba Ne, Malam

Malam, ka kira Washington Irving ɓarawo don ya ɗauko Rip Van Winkle na 1819 daga tatsuniyar Jamusawa ta Peter Klaus makiyayin awaki. Aro kam ya yi, wa ya musa? Amma duba allon masaukin ƙauyen Rip. Rip ya bar hoton Sarki George na Uku a jikin allon, ya kwashi barcin shekara 20 a duwatsun Catskill, ya dawo ya tarar da fuskar nan dai, an sauya launin riga, an maƙala mata takobi da sunan Janar Washington. Wannan shaguɓe ga juyin juya halin Amurka, wace tatsuniyar Jamus ta yi shi? In aro sata ne, fara gurfanar da Abubakar Imam kan Magana Jari Ce. Koma ka karanta labarin tukuna.