Raddi Kan Mahayan Kwatarkwashi

Wani malamin tarihi a nan Abakpa ya daɗe yana koyar da cewa rashin tsari ne ya kashe mahayan Kano a Kwatarkwashi a 1903. Wai barden Hausa sukuwa kawai ya iya, alhali mahayan Ingila sun san horo tun ƙarni na 17, kuma hujjarsa ita ce arangamar gadar Powick ta Satumbar 1642, a yaƙin basasar Ingila tsakanin Sarki Charles da Majalisa. Malam, tare da girmamawa, hujjar nan kanka za ta juyo.

A Powick, mutanen Yarima Rupert, na ɓangaren Sarki Charles, hutawa suke yi a fili lokacin da dawakin Majalisa suka ɓullo ta wata siririyar hanya. Mutanen Rupert suka ɗare bisa sirdi, wasu ko sulke babu, suka afka musu kafin su gama jera sahu. Sukuwar da kake zagi ke nan. Bayan wata guda, a Edgehill, mahayan Rupert ɗin nan suka kori abokan gaba har Kineton, suka tsaya ɗibar ganima, suka bar dakarun Sarki Charles da wuta. Haka suka maimaita a Naseby a 1645. Na yarda mahayan Cromwell na ɓangaren Majalisa sukan dawo sahu bayan hari, amma ai Rupert ka kawo mana.

Sai batun makami. A Powick kowane ɓangare takobi ne da gajeriyar bindiga. A Kwatarkwashi kuwa Laftanar Wright na Turawan Ingila ya jera sojojin da ba su kai 50 ba, akasarinsu baƙar fata, a sahu mai kusurwa huɗu, da bindigogin zamani. Lifidi don kibiya aka ɗinka shi, harsashi ratsa shi yake. Tun a Tabkin Kwatto a 1804 'yan bakan Shehu suka karya dawakin Yunfa, ina ga harsashi?

Ka kuma manta halin da Wazirin Kano Ahmadu ke ciki. Kano ta faɗi tun farkon Fabrairu, Sarki Alu ya sulale da dare, amma Waziri ya riƙe rundunar, ta kai hari, aka zubar da ita, ta sake haɗuwa ta komo, har shi kansa ya faɗi a wurin. Taron da ba shi da tsari da ƙarar farko yake watsewa.

Don Allah Malam, a gyara wa yaran nan darasin kafin su shiga jarrabawa da shi.