Ƙuda Mafarauci: A San Shi Kafin A Yi Feshi

Ya kai manomi, idan gonarka ta citta ko masara tana bakin kurmi a yankin Kafanchan, Kagoro ko Kwoi, babu shakka ka taɓa ganin wani dogon ƙuda a kan busasshen reshe, yana shan hantsi. Da yawa sukan ɗauke shi tsando ne, su ɗauko maganin feshi. A ganina wannan asara ce.

Masana suna kiran danginsa Asilidae, kuma akwai fiye da iri 7,000 a duniya. Ba ya shan jinin mutum ko na dabba, saboda haka ba ya kawo sammore. Abincinsa ƙwari ne: fara, ƙudaje, ƙananan buzuzu. Yakan cafke su a sama, ya soka musu baki, ya zuba yawu mai kashe jiki da narkar da ciki, sannan ya tsotse. Tsutsarsa ma tana cin tsutsotsin wasu ƙwari a ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen itace.

Wajen gane shi, fara da fuska. Yana da gashi mai tauri a saman baki kamar gashin baki, kuma tsakanin idanunsa biyu a ƙoƙon kai akwai kwarmi. Tsando ba shi da ko ɗaya. Bakinsa siriri ne ya miƙe gaba kamar allura, kuma shi ne zai biyo ka. Ƙafafun mafarauci dogaye ne masu ƙaya.

Wanda ya fi rikitarwa a kurmi shi ne Hyperechia, ƙato mai gashi, kamanninsa ɗaya da baƙin ƙudan zuman nan mai huda itace. A nan sai a ƙirga fukafukai: nasa biyu, na ƙudan zuma huɗu.

Masu amya suna da ƙorafi, kuma da gaskiyarsu, domin yakan kama ƙudan zuma. Amma ɗai-ɗai yake kamawa, feshi kusa da amya kuwa yana iya hallaka gida guda.

Malamin gona, idan an kawo maka ƙara, nemi a kamo ƙwaron. A rufe shi da kwalba, kada a kama da hannu, don cizonsa da zafi. A rubuta wurin da ranar da aka same shi.