Bindigar Marigayi Ba Buhun Masara Ba Ce

Wannan makon da faɗa na zo, kuma da dangina zan fara.

Bara baffanmu ya rasu a wani ƙauye kusa da Kiru. Bayan sadakar bakwai aka buɗe adakarsa domin lissafin abin da ya bari, sai ga bindiga biyu: wata mai baki biyu da lasisinta a naɗe cikin leda, da wata 'yar ƙarama, irin wadda ake sokewa a ƙugu, ba ta da ko guntuwar takarda. Nan take wani dattijo a cikinmu ya yanke hukunci. Ya dubi babban ɗan marigayin, wanda ke zaune a Saminaka ta Jihar Kaduna, ya ce: "Kai ke bin Dajin Falgore dare da rana, ɗauki ƙaramar. Ai gadonka ne." Kowa ya gyaɗa kai. Ni na ce a'a, kuma har yau akwai masu amsa mini gaisuwa da ƙyar.

Wannan "ai gado ne" ita nake so mu yi wa filla-filla, domin tana iya kai yaron kirki gidan yari.

Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take, ta girmi 'yancin kai. Kashi uku ta yi wa bindigogi. Bindigar toka ta mafarauta, al'amarinta na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Irin su mai baki biyu, lasisinsu daga Sufeto Janar yake fitowa. Kashi na uku shi ne haramtattun makamai, inda aka jera bama-bamai da bindigogin yaƙi, kuma a nan ɗin aka saka ƙaramar bindiga. Ku sake karantawa: wadda muke rainawa saboda ba ta fi tafin hannu ba, doka ta ajiye ta a layi ɗaya da tashi-ka-fiya-naci. Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izinin riƙe ta. Wanda aka kama da ita babu wannan izini, mafi ƙarancin abin da dokar ta yanka masa shekara 10.

Shi kuma lasisi na mutum ne, da sunansa. Ba ya bin bindiga kamar yadda takardar gona ke bin gona. Kafin a ba ka sai an duba ko ka kai shekara 17, ko hankalinka da idonka lafiya, ko kai ba mashayi ba ne, ko ba a hukunta ka kan laifin ta da hankali ba cikin shekara 5 da suka wuce. Baffa aka auna da wannan mudu, ba ɗansa ba. Idan mai lasisi ya rasu, kwana 14 kacal doka ta yarje wa magaji ya riƙe bindigar. Daga nan ko dai ya sami nasa lasisin, ko ya miƙa ta ga hukuma.

Wani ɗan boko a zauren ya ce mini ai a Amurka uba na ba ɗansa bindiga kamar agogo. To ko can ba haka kawai ba ne. Tun dokarsu ta 1968, in kana wata jiha ɗan uwanka yana wata, kyautar ƙaramar bindiga sai ta bi ta hannun dillali mai lasisin tarayya a jihar mai karɓa. Sun dai ware gado, sun sassauta masa. Amma su kowace jiha na da nata ƙarin dokokin, mu kuwa tsarin mulkin 1999 ya sa makamai cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka Kano da Kaduna duk kanwar ja ce. Ba ƙetare iyakar jiha ne zai sa ɗan baffa ya zama mai laifi ba, tun a tsakar gidan ubansa ya zama. Abin da hanya ke ƙarawa shi ne idanu: shingen bincike daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, da wanda ke cikin daji, da na Doguwa. Wane ɗan sanda ne zai ciro ƙaramar bindiga daga ƙasan kujera ka ce masa "gado na ci" ya ce Allah ya jiƙan baba?

Kuma shingen hukuma shi ne mai sauƙin. A ƙarshen Maris na 2025, mafarauta 16 'yan Kano, da yawansu daga Bunkure nan maƙwabtanmu, suna dawowa gida Sallah daga Fatakwal, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Bindigogin farauta aka gani, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su kisan gilla. Ba su yi abin da ya halatta jininsu ba, alhakin yana wuyan makasan. Amma duk wanda zai ce wa ɗansa ya jefa bindiga a mota ya kama hanya, ya kamata ya san ƙasar da yake ciki.

To, na gama da dangi. Saura hukuma, kuma nata kason ya fi yawa.

Wa ya taɓa jin zancen kwana 14 ɗin nan a rediyo? A kwana 14 ana tsaka da karɓar gaisuwa, matan mamaci ko kashi ɗaya cikin tara na takabarsu ba su cika ba, rabon gado kuwa sai ya yi wata da watanni kafin a je gaban alƙali. Wanda ya rubuta wannan wa'adi bai san zaman makokin Bahaushe ba, kuma shekara sittin da ɗoriya babu wanda ya ga ya kamata a gyara. Ko da magaji ya sani, ina ƙofar da zai bi? A Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle ya ce wa mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, 'yan sanda suka ce an dakatar da ba da lasisi, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A Agustan 2023 Kayode Egbetokun, yana riƙon muƙamin Sufeto Janar, ya sake sanar da dakatarwar. Gwamna na cewa ɗauki, Abuja na cewa ajiye, manomin Doguwa na tsakiya. Ɓarawon daji dai bai taɓa cika fom ba.

Na san abin da za a ce mini a ƙasan wannan rubutu, domin ɗan baffa ya riga ku: "Yaya, in aka tare ni a Falgore, dokar ce za ta zo ta cece ni?" Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ƙaramar bindiga a hannun wanda bai taɓa harba ta ba, a gaban mutum goma masu manyan makamai, ba kariya ba ce. Ɗaurin shekara 10 kuwa a rubuce yake, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Abin da ya kamata mu matsa wa 'yan majalisarmu a kai shi ne a tsawaita wa'adin magada, a buɗe hanyar da za a miƙa bindigar mamaci ba tare da an mayar da mai miƙawa abin tuhuma ba, a kuma faɗa wa jama'a da Hausa.

Mu dai da dagaci da wani lauya muka je muka miƙa duka biyun, aka ba mu takardar shaida. Dattijon nan namu ya ce na sa an cinye wa marayu haƙƙi, kuma bai zo sunan ɗiyata ba.