Shaidar malami ta cancanci gurbi a neman jami'a

Makin JAMB da kiredit biyar na WAEC ko NECO ne mabuɗin jami'a a Najeriya, shaidar malami kuwa ba ta cikin lissafi. Wannan ma'auni na tauye ɗaliban Birnin Gwari, waɗanda 'yan bindigar dajin Kamuku suka yi ta katse wa karatu kafin sulhun 2024.

Yaron da ya sha gudun hijira na iya faɗuwa jarabawar awa biyu, alhali malaminsa ya san gwanin lissafi ne. Ya kamata Jami'ar Jihar Kaduna ta riƙa karɓar rubutacciyar shaidar malamai wajen ɗaukar ɗaliban share fage. Don toshe ƙofar alfarma, a haɗa shaidar da littattafan aikin ɗalibin, shugaban makaranta ya sa hannu.